Kafin a Dangwala Yatsa: Nasiha ga Matasan Kura da Bunkure Kan Zaɓen Lauya

Ƙannena matasan Kura da Bunkure da Garun Malam, ku da kuke wuni a bakin kanal daga Kadawa har zuwa Gafan, maganar da zan yi muku ba mai daɗin ji ba ce, domin babu mai son a haɗa sunansa da caji ofis. Amma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwan da ke gangarowa ya kawo mana shinkafa da tumatir da alkama, ya kuma tara mutane da kuɗi da bashi a wuri ɗaya, kuma inda waɗannan suka haɗu ba a rasa rigima. Na sama ya tare ruwa ranar da layin na ƙasa ne, aka ɗaga fartanya. Shanu sun faɗa gonar albasa da tsakar dare. Yaro ya sayi injin ban-ruwa da araha, ashe na sata ne. An ɗora wa wani kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan ya kai Legas, kasuwa ta karye, masu kaya suka ce ya ci amana. Babu wanda ya wayi gari da niyyar aikata laifi a cikinsu, amma kowanne na iya kwana a bayan kanta.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Hankali ya tashi, uwa tana kuka, yayye sun cika ƙofar ofishin 'yan sanda. Sai wani da ba a san daga inda ya ɓullo ba ya matso ya ce, "Akwai wani barista da na sani, yau ɗin nan zai fito da shi." Kafin magariba an sayar da injin, an fara maganar jinginar da gona. Wato mutumin da zai riƙe 'yancin ɗanku, wani lokaci ma ransa, baƙo ne ya zaɓa muku shi, kuma baƙon yana da kamasho a ciki. Ku sani cewa dokokin aikin lauya a Najeriya sun hana lauya ya ajiye 'yan kamasho su farauto masa masu shari'a. Wanda ya karya dokar sana'arsa don ya same ku, me zai hana ya karya alƙawarin da ya yi muku?

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa aikin lauya a kotu yake farawa, ranar da ya sa baƙar riga ya miƙe gaban mai shari'a. A gaskiya shari'ar laifi da dama tun a daren farko ake cin ta ko a rasa ta. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru, ya ƙi amsa tambaya har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Sashen ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, sai fa a tuhumar da hukuncinta kisa ne. Daga Kura zuwa Kano ba a kai wannan tazara ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma hana a kama mutum don bashi kawai ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Duk wannan yana rubuce, amma takarda ba ta magana da kanta, sai an samu mai faɗa a gaban difi'o cikin ladabi da sanin abin da yake faɗa.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Yaro ya yi bayani da Hausa, ɗan sanda mai bincike ya rubuta da Turanci, aka miƙo masa aka ce ya sa hannu. Ya gaji, yana jin yunwa, an ce masa da ya dangwala zai koma gida. Ya dangwala. Bayan shekara biyu a karanta takardar nan a kotu, ya ji a ciki an ce shi ne ya fara kai sara. Doka ta yarda a hukunta mutum da ikirarinsa shi kaɗai idan kotu ta gamsu da shi. Haka ne, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ba a karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mayar da dukan wanda ake tuhuma laifi. Amma ƙin amincewa da irin wannan takarda yana da lokacinsa: daidai sa'ar da mai gabatar da ƙara ya miƙa ta ga kotu, a nan lauya zai miƙe ya ce ba a yarda ba, a tsaya a binciki yadda aka same ta. In lauyan bai zo zaman ba, ko ya zo bai karanta fayil ba, damar ta wuce, kuma dawo da ita wahala ne.

Haka nan wanda zai ce ba ya wurin lokacin da abin ya faru. Kotunanmu suna so a faɗi wannan tun a hannun 'yan sanda, dalla-dalla: ina gonar wane muna dashe daga hantsi zuwa la'asar, tare da wane da wane. Ta haka za a wajabta musu su je su bincika. Wanda ya ajiye maganar sai a kotu, sau da yawa ana ɗauka daga baya ya ƙirƙiro ta. To ka ga akwai abin da ya kamata a yi shiru a kansa, akwai wanda dole a faɗa da wuri, kuma yaron da ke cikin firgici ba zai iya bambancewa ba. Saboda haka gwajin farko na lauya shi ne: an kira shi, ya taso ya zo Kura ko Bunkure ko Bompai da ƙafarsa, ya zauna da wanda aka kama kafin a rubuta komai? Wanda ya ce, "Ku turo kuɗi, idan an kai shi kotu ma haɗu," ya riga ya nuna muku irin aikinsa.

Ku tabbatar ma lauyan ne. Ba duk mai kwat da jaka ba ne barista. Sai mutum ya yi digirin shari'a a jami'a, irin su Bayero ko Ahmadu Bello, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda reshenta na Kano ke nan maƙwabtanmu a Bagauda, ya ci jarrabawa, an rantsar da shi, an rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli da lamba tasa. Kowace shekara yana biyan kuɗin izinin aiki, kuma takardun da yake shigarwa kotu suna ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai sunansa. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ce. Ku je ofishinsa ku ga inda yake zama. Ku tambayi reshen ƙungiyar na Kano ko sun san shi. Lauya na gaske ba ya jin haushin a tambaye shi shekarar da aka rantsar da shi.

Bayan wannan sai tambayar da aka fi mantawa: wace kotu? Mai gyaran injin ban-ruwa da mai gyaran injin casar shinkafa duk makanikai ne, amma ba ku kai wa ɗaya aikin ɗaya. A Kano ƙarar laifi na iya faɗawa kotun majistare, ko Babbar Kotun Jiha inda ake shari'ar kisa da fashi, ko kotun shari'ar Musulunci da ke aiki da dokar hukunci ta shekarar 2000, ko Babbar Kotun Tarayya, inda hukumar NDLEA ke kai waɗanda ta kama da ƙwaya da wiwi. Kowacce da dokarta da salon tafiyarta. Akwai lauyan da ya shahara a takardun filaye ko ƙararrakin zaɓe, amma bai taɓa yi wa likitan da ya duba gawa tambayoyin ƙure ba. Ku tambaye shi kai tsaye: ka taɓa kare mutum a irin wannan tuhuma, a wace kotu, yaya ta ƙare?

Shari'ar Amina Lawal ta ishe mu misali. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori a Jihar Katsina ta yanke mata hukuncin rajamu kan tuhumar zina, ba ta da lauya a gefenta. A watan Agusta babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Duniya ta yi ta surutu, daga Turai har Amurka, amma ba surutun ne ya zama hujja a gaban alƙalai ba. Lauyoyinta, cikinsu akwai Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, sun tsaya ne a cikin shari'ar kanta da fiƙihun Malikiyya: cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu, cewa tana da damar janye ikirarinta, da kuma mas'alar kwantaccen ciki, wanda malamai suka ce yana iya daɗewa shekaru bayan rabuwar aure. Ranar 25 ga Satumba, 2003, alƙalai huɗu cikin biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina suka wanke ta. Lauyan da bai san littattafan da alƙalan nan suka karanta ba, komai iya Turancinsa, da bai kai ta ko'ina ba.

Yanzu ga wanda nake so ku guje masa ko da kyauta zai yi muku aiki: mai cewa, "Kada ku damu, alƙalin nan mutumina ne," ko "A kawo kaza a kai wa oga." Babu lauyan kirki da ke yin alƙawarin sakamako, domin ba shi ne mai yanke hukunci ba. Idan ƙarya yake yi, ya cinye kuɗinku ya kuma ɓata sunan mai shari'ar da bai san hawa ba bai san sauka ba. Idan gaskiya yake faɗa, ya jefa ku cikin laifin ba da rashawa a kan wanda ake tuhumarku da shi, ga alhakin wanda aka danne wa haƙƙi. Na kirki maganarsa ba ta cika daɗi ba. Zai ce maka shaidun nan biyu suna da ƙarfi. Zai ce wannan tuhuma majistare ba shi da ikon ba da beli a kanta, sai an je Babbar Kotu, kuma zai ɗauki lokaci. Zai bayyana maka bambancin sashe na 221 na dokar Final Kod, kisan da hukuncinsa kisa ne, da sashe na 224, kisan da hukuncinsa ɗauri ne, ya gaya maka cewa a faɗan da ya ɓarke nan take a bakin ruwa ba tare da shiri ba, wataƙila babban abin da za a iya yi shi ne a sauko da tuhumar daga na farko zuwa na biyu. Iyali ba sa son jin haka. Sukan bar shi su koma wa mai daɗin baki, kuma a nan ake asarar dukiya da shekaru.

Na san wasu iyayenmu har yau suna ƙyamar lauya, suna cewa aikinsa mayar da ƙarya gaskiya. Abin yana da asali: a zamanin En'e lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali, mutum shi ke faɗin maganarsa da bakinsa. Amma wakilci a gaban shari'a sananne ne a fiƙihu, littattafan hukunci na Malikiyya sun ware masa babi. Abin da addini ya hana shi ne shaidar zur da cin haƙƙin wani ta hanyar iya magana, dokokin aikin lauya su ma sun hana shi gabatar da shaidar da ya san ƙarya ce. Aikinsa ya tabbatar an bi ƙa'ida, an kawo hujja, ba a ɗora wa mutum abin da ya fi laifinsa ba. Don haka idan ya ce ku nemo wanda zai rantse a kan abin da bai gani ba, ku tashi. Kai kuma da ake karewa, gaya masa gaskiya duka, har wadda kake jin kunyarta. Doka ta hana shi fallasa sirrinka. Abin da ka ɓoye masa zai ji shi daga bakin mai gabatar da ƙara a lokacin da ba shi da shirin amsawa.

Akwai wani ramin da ya fi hukuncin kansa cin mutane. A manyan tuhumomi 'yan sanda sukan fara kai mutum gaban majistare, shi kuma ya tura shi ajiya a gidan gyaran hali na Kurmawa ko Goron Dutse, a ce ana jiran shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Fayil ɗin na iya kwanciya a kan wani tebur wata da watanni. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu komai ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka da Jihar Kano ta kafa a 2019 ta zo ne don rage irin wannan, ta sa wa'adi ga ajiya, amma sai an samu mai bibiya. A nan ake gane lauya mai himma: ya san hannun wanda fayil yake, ya rubuta takarda, ya koma ya sake komawa, ya shigar da buƙatar beli a Babbar Kotu, ya je gidan gyaran hali ya ga mutumin. Ku kun fi kowa sanin abin da wata uku ke nufi. Ruwa ba ya jiran wanda ke Kurmawa. An saki ruwan rani, irin tumatir ya isa dashe, kuɗin hayar eka an riga an biya, bashin taki yana nan. Duk ɗage zaman da aka yi saboda lauya bai zo ba, daga rumbun gidanku ake cire shi.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, a fili, a kuma rubuta. Nawa ne kuɗin aiki gaba ɗaya, har zuwa ina ya tsaya, beli ne kaɗai ko har ƙarshen shari'a? Nawa ne na zuwa kowane zama? Me za a biya a rajistarar kotu? Duk abin da kuka ba shi ku karɓi rasit. Ku gaya masa gaskiyar halinku: kuɗin manomi da kaka yake zuwa, kuma lauyoyi da yawa suna yarda a biya kashi-kashi idan an yi musu bayani. Kada firgicin daren farko ya sa a sayar da gonar da ke cikin tsarin ban-ruwa, domin irinta in ta fita daga hannu da wuya ta dawo, shari'a kuma tana iya kai shekaru tana neman kuɗi. Tsada ba ita ce inganci ba. Babban Lauya mai lambar SAN yakan turo yaransa ne zuwa ƙananan kotuna, kuma matashin lauya da ke da lokacin karanta fayil ɗinka ya fi maka amfani a kan babban suna da ba za ka gan shi ba. Ku tambaya: wa zai riƙa tsayawa da kansa? Ku kuma san cewa lauya ba ya tsaya wa wanda yake karewa beli, wannan aikin dangi ne da mutanen gari.

Ku lura da wanda ke biyan kuɗin. Lokacin siyasa akan kwashi samari bayan rigima, sai uban gida ya turo lauya ɗaya ya tsaya wa mutum goma. Wani lokaci alheri ne. Wani lokaci kuma aikin lauyan shi ne kada sunan uban gidan ya fito, ko da kai za ka ɗauki nauyin. Haka idan ku uku aka kama a kan injin sata, kai saye ka yi ba ka sani ba, su biyun su suka ɗauko. Kariyarka ita ce ka nuna su, tasu kuma su jawo ka ciki. Lauya ɗaya ba zai iya yi muku adalci ku duka ba, kuma na kirki da kansa zai ce ka nemi wani.

Ba kowace rigima ce ya kamata ta yi nisa ba. Faɗan da bai kai ga rai ba, ɓarnar shanu, bashin da aka mayar cin amana, doka ta bar ƙofar sulhu a yawancin irinsu da izinin kotu. A ƙarƙashin shari'ar Musulunci ma waliyyan jini suna da damar yafewa ko karɓar diyya. Mutumin da kuka yi faɗan da shi, gobe a kanal ɗaya za ku sha ruwa. Lauyan da ya san ƙasar nan ba ya raina mai unguwa da dagaci da arɗo da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa. Yakan zauna da su, ya tabbatar abin da aka daidaita an rubuta shi an kai gaban kotu an rufe ƙarar, kada bayan an biya diyyar albasa a sake taso da maganar. Wanda kullum yake zuga ku a ci gaba, ku tuna cewa kowane zama kuɗi ne a gare shi.

Wanda ba shi da hali kada ya yanke ƙauna. Tun 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, tana da ofis a Kano, aikinta kare marasa ƙarfi kyauta. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana tsaya wa mata da yara. Ita ce ta tsaya wa wata yarinya 'yar shekara 14 daga yankin Gaya da aka tuhuma a 2014 da kashe mijinta da wasu mutum uku da guba, aka yi shari'ar a Babbar Kotu da ke Gezawa, har gwamnatin jiha ta janye ƙarar a 2015. A tuhumar da hukuncinta kisa ne, wajibi ne kotu ta samar wa mutum lauya idan ba shi da shi, kuma an sha rushe hukunci saboda rashin yin haka. Wanda ba ya jin Turanci, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Idan kun ɗauki lauya kuka ga ba ya zuwa, ba ya ɗaga waya, ba ya iya gaya muku ranar zama na gaba, kuna da damar sallamarsa ku ɗauki wani. Ku biya abin da yake binku, ku karɓi takardunku. Wanda ya ci kuɗi ya gudu, ana kai ƙararsa a rubuce ga Ƙungiyar Lauyoyi ko kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunansa daga rajista. In kuma hukunci ya zo ba yadda ake so ba, kada a tsaya jimami har lokaci ya ƙure: ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90, kuma tun ranar da aka yanke ake fara ƙirga.

Shawarar da nake so ku kai wa ƙungiyoyinku, na masu amfani da ruwa da na manoman shinkafa da na 'yan tumatir, ita ce a nemi lauyan tun ana zaman lafiya. Ku tambayi gidajen da suka taɓa shiga irin wannan hali wa ya tsaya musu, ya zo ko bai zo ba, ya ƙara kuɗi a tsakiya ko bai ƙara ba. Ku zaɓi mutum biyu ko uku, wakilanku su je su gana da su. A ware wani abu kaɗan daga kuɗin ƙungiya kowace kaka domin kuɗin motarsa na ranar farko, a gayyato shi sau ɗaya a shekara ya yi wa samari bayani da Hausa, kowa kuma ya ajiye lambarsa a waya, ya ba matarsa ko mahaifiyarsa kwafi a takarda, domin wayar ce abin da ake fara karɓewa idan an kama mutum.